Wa Zai Biya Kuɗin Abincin Zaki?

Babu dabbar da bakin Bahaushe ya ɗaukaka kamar zaki. Fadawa idan sun zube gaban sarki, "Zaki" suke ce masa. Ɗan dambe idan ya yi kisa a fage da zaki ake kwatanta shi, haka ma ɗan siyasar da ya kayar da abokin hamayya. Hotonsa na bayan manyan motoci, yana jikin kwalayen kaya, yana fuskar wayoyin samari da yawa, galibi tare da wata magana ta nuna isa. A tatsuniya shi ne manyan dawa, wurinsa ake kai ƙara, ko da yake Gizo ba ya rasa hanyar yi masa wayo. Duk da haka, in aka tara mu mu dubu a fili guda aka ce wanda ya taɓa jin rurin zaki a dawa ya ɗaga hannu, da wuya a ga hannu biyu. Wanda muka sani shi ne na gidan zoo, mai kwance cikin keji yana jiran a jefa masa nama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Janairun 2014 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera suka fitar da sakamakon binciken da suka shafe shekara shida suna yi a Afirka ta Yamma. Sun bibiyi manyan gandayen daji 21 da ake sa ran samun zaki a cikinsu, suka tarar a huɗu kacal ya rage: Niokolo-Koba a Sanagal, da babban dajin W-Arly-Pendjari da ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Tafkin Kainji da Yankari a Najeriya. Jimillarsu kimanin 400, waɗanda suka isa haihuwa ba su kai 250 ba. Kusan kashi 90 cikin 100 suna wancan daji na ƙasashe uku. Na Najeriya gaba ɗaya ba su kai 50 ba, na Yankari kuwa yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga su. Ƙasar da zaki ke takawa a yankinmu ba ta wuce kashi 1.1 cikin 100 na wadda kakanninsa suka taka ba. A 2015 hukumar IUCN ta sanya zakin Afirka ta Yamma cikin halittun da ke gab da ƙarewa.

Mai karatu zai ce abin tausayi, ya kamata a yi wani abu. Mu ma haka muka ce. Amma kafin a yi wani abu akwai maganar da ake tsallakewa, ita ce zaki ba ya cin ciyawa. Babban zaki yana bukatar abin da ya kai kilo 5 zuwa 7 na nama kowace rana idan aka daidaita lissafi, kuma naman nan daga wani wuri zai fito, ko daga ɓaunar daji ko daga garken makiyayi. Duk wanda ya ce a bar zaki ya rayu, ya ce a ci gaba da ciyar da shi ke nan. Saura a san aljihun wa za a taɓa.

Masu son a kare shi sukan fara da yabo, su ce sarki ne, jarumi ne, mai kwarjini ne. Wannan hujja ba ta jure bincike. Tun daga George Schaller, wanda ya fitar da littafinsa kan zakunan dajin Serengeti na Tanzaniya a 1972, har zuwa Craig Packer da Anne Pusey da suka karɓi aikin a 1978, an yi shekaru da dama ana bin zakuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da tarihinsa. Abin da aka gani bai yi kama da kirari ba. Zaki na kwashe kusan awa 20 a yini yana kwance. Mafi yawan farautar da garke ke ci mata ne ke yin ta, namijin ya zo ya ture su ya fara cin nasa. A kwarin Ngorongoro kuma, masani Hans Kruuk ya nuna cewa sau da yawa kura ce ke yin kamu, zaki ya zo ya ƙwace. Wato wadda muka lakaba wa sata a karin magana da tatsuniya, ita ce ake yi wa fashi da tsakar dare.

Abin da ya fi wannan nauyi a zuciya shi ne yadda ake sauya mulki a garke. Garken zakuna gida ne na mata: uwa da 'ya'yanta da 'yan'uwanta, a nan aka haife su kuma yawancinsu a nan za su mutu. Maza baƙi ne. Namiji idan ya kai shekara biyu zuwa uku sai ya bar gida, ya shiga yawo tare da 'yan'uwansa ko wani da suka haɗu a hanya, har su yi ƙarfin da za su ƙwace garke daga hannun wasu maza. Mulkin nasu gajere ne, a Serengeti kimanin shekara biyu kafin wasu su zo su kore su. Zakanya mai goyo kuwa ba ta sake karɓar namiji sai 'ya'yanta sun kai wajen wata 18. Lissafin a fili yake. Sabon namijin da ya tsaya jira zai iya rasa mulki bai bar baya ba. Saboda haka abin da yake fara yi shi ne kashe ƙananan 'ya'yan da ya tarar. Cikin kwanaki ko 'yan makonni uwar ta dawo karɓar namiji, bayan kamar kwana 110 na ciki ta haifa masa nasa. Packer da Pusey sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zakin da ke mutuwa tun suna ƙanana ta wannan hanya suke mutuwa.

Matan ba sa zuba ido. Sukan haɗa kai su tari baƙon namiji duk da ya fi su girma, wasu su rasa ransu a nan. Sukan haihu kusan lokaci guda, su haɗa 'ya'yan wuri ɗaya, har ɗan wata ya sha nonon wata. Akwai kuma wani gwaji da ke burge duk wanda ya karanci lissafi. A farkon shekarun 1990 Karen McComb ta ɓoye lasifika a daji, tana kunna wa zakuna mata rurin baƙuwar zakanya ɗaya, wani lokaci kuma rurin baƙi uku tare. Sai ta ga suna auna yawansu da yawan muryoyin da suka ji. In sun fi yawa sosai sai su nufi wurin da ƙarfin hali, in lissafin bai ba su ba sai su yi jinkiri ko su kira 'yan'uwa tukuna. Ruri da ake ji daga nisan kilomita 8 ashe saƙo ne mai ɗauke da adadi, kuma akwai masu karanta shi.

To wanne ne zakin gaskiya, mai kashe jarirai ko mai shayar da ɗan 'yar'uwarta? Duka biyun ne, kuma babu wanda ya cancanci yabo ko zargi a cikinsu. Zaki ba mukallafi ba ne. Bai zauna ya auna alheri da sharri ya zaɓi ɗaya ba, yana bin abin da aka halicce shi a kai. Idan dalilinmu na kare shi ya rataya ga kyan halinsa, bidiyo ɗaya na namiji da jariri a baki ya isa ya rushe dalilin. Haka kuma idan ya kashe saniya bai yi laifin da za a yanke masa hukunci ba. A duk wannan labari masu ɗaukar alhaki mutane ne kawai. Shi ya sa muke ganin maganar zaki, in aka bi ta har ƙarshe, magana ce tsakanin mutum da mutum, tsakanin wanda ke son zakin ya rayu da wanda zakin ke ci daga dukiyarsa.

Mu duba littafin lissafin makiyayi. Saniya a wurinsa ita ce asusun banki, ita ce sadakin ɗansa, ita ce kuɗin asibitin matarsa, nononta kuma shi ne cefanen yau. Da rani ciyawa ta ƙare, ruwa ya ƙafe, gonaki sun cinye burtali, wurin da ya rage da ɗanyen ganye shi ne cikin gandun daji, irin bakin kogin Gaji da ya ratsa Yankari. Doka ta hana shi shiga, yunwar dabbobinsa ta tura shi. A cikin dajin kuwa mafarauta sun riga sun rage ɓauna da gwanki da kanki da bindiga da tarko, domin naman daji na da kasuwa a birane. Zakin da abincinsa ya yi ƙaranci ya ɗaga kai ya ga dabba mai ƙiba wadda ba ta iya gudu ba. Abin da zai biyo baya ba ya bukatar duba.

A wasu wurare asarar ta wuce dukiya. Wani bincike da Packer da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna zakuna sun kashe sama da mutum 500 a Tanzaniya tun daga 1990, akasari a gundumomin kudu irin su Rufiji da Lindi. Da yawa manoma ne da ke kwana a bukkokin gona don korar aladun daji daga amfaninsu, zakuna kuma suna bin aladun har cikin gonakin. Daga baya aka gano hare-haren sun fi yawa a kwanakin da ke bin cikar wata, lokacin da farkon dare ke yin duhu bayan zakuna sun yi kwanaki suna fama da yunwa saboda hasken farin wata ya hana su kamu. Mutumin da ke duban wata don ya san ko zai iya fita bayan isha'i, ba za a koya masa son zaki da hoton waya ba.

Makamin mai rauni guba ne. Maganin ƙwari na gona, irin carbofuran, yana da arha kuma ba shi da wuyar samu. A barbaɗa shi a mushen saniyar da zaki ya kashe, shi ke nan. Sai dai guba ba ta tantance mai laifi. Garke guda ke mutuwa, kura ta ci ta mutu, ungulaye su sauka da yawa su zube. A Disambar 2015 guba ta kashe wasu zakuna na wani shahararren garke a Masai Mara ta Kenya, wanda gidan talabijin na BBC ya daɗe yana ɗaukar fim ɗinsa. A 2018 an tsinci zakuna 11 a mace a gandun dajin Sarauniya Elizabeth na Yuganda, takwas daga cikinsu 'ya'ya ne. Ko harsashi ɗaya ma ba ya tsayawa kan wanda ya sama. In aka kashe namijin da ke riƙe da garke, an buɗe ƙofa ga baƙin maza, su kuma mun riga mun san abin da suke fara yi.

A Yulin 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya biya kuɗi kimanin dala 50,000 ya harbe wani zaki mai suna Cecil a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabwe. Zakin na sanye da abin wuya na bibiya da masu bincike na Jami'ar Oxford suka ɗaura masa. Duniya ta ɗauka. Aka yi zanga-zanga a ƙofar asibitin mutumin, kafafen sada zumunta suka cika da hawaye. Ana cikin haka wani ɗalibi ɗan Zimbabwe da ke karatu a Amurka, Goodwell Nzou, ya rubuta a jaridar New York Times cewa a ƙauyensu ba a kukan mutuwar zaki. Ya ba da labarin yadda zaki ya addabi garinsu yana yaro, da irin murnar da aka yi ranar da aka kashe shi. Ba sai mun goyi bayan Palmer ba kafin mu ga Nzou ya taɓo inda ke da ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu kukan Cecil ba su taɓa rasa ko ɗan akuya saboda shi ba.

Mu da ke Kano da Kaduna da Maraɗi da Abuja, masu kallon zaki a waya muna tura wa juna, matsayinmu ya fi kusa da na masu kukan nan fiye da na Nzou. Muna samun abin da muke so daga zaki kyauta: sanin cewa yana nan, da alfaharin cewa ƙasarmu na da shi. Kuɗin kuwa wani ne ke biya, kuma yawanci wanda ya fi kowa rashin abin biya. A duk wani ciniki na rayuwa, idan ɗaya ya ci riba ɗaya ya ɗauki asara ba da yardarsa ba, sunan abin zalunci, ko da mai cin ribar bai taɓa ganin fuskar mai asarar ba.

Wani zai ce to a bar shi ya ƙare mana, tunda rayuwarsa nauyi ce a kan talaka. Wannan amsa tana da tsari, kuma ta fi munafuncin kuka daga nesa gaskiya. Amma ba mu yarda da ita ba, kuma sana'armu ce ta koya mana dalili. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna aikata kura-kurai iri-iri kullum ba tare da fargaba ba, saboda kusan kowanne ana iya warware shi a koma inda aka tsaya jiya. Aiki ɗaya ne ke sa hannun ƙwararre rawa, shi ne goge bayanan da ba su da kwafi a wani wuri. A nan ƙa'idar ta bambanta. Ba ka gogewa don kawai ba ka ga amfanin abin ba yau, domin wanda zai ga amfaninsa wataƙila bai zo ba tukuna, kuma in ya zo babu maɓallin dawo da shi. Asarar saniya tana da zafi, amma kuɗi na iya mayar da ita. Ƙarewar jinsi babu kuɗin da ke mayar da ita. Zakin Arewacin Afirka, wanda ya zauna a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, ya ɓace daga daji a tsakiyar ƙarni na 20, kuma jikokin waɗanda suka harbe shi ba a tambaye su ba. Yaran da ba a haifa ba suna da haƙƙi a cikin abin da muka tarar, mu masu riƙon amana ne. Ba banza ba ne aka umarci Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki kowane jinsi biyu-biyu a jirgi, har da masu haƙori da farce.

Ruwanda ta nuna cewa wani lokaci akwai kwafi. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, 'yan gudun hijira suka dawo da shanunsu suka zauna a gandun dajin Akagera, aka yi ta sa wa zakuna guba har suka ƙare ƙaf. A 2015 aka kawo bakwai daga Afirka ta Kudu, bayan an kewaye iyakar dajin da shingen lantarki mai tsawon kilomita 120, yau sun haura 50. Mu ba mu da wannan gata cikin sauƙi. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna zakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya reshe ne daban da na Kenya da Afirka ta Kudu, kuma a 2017 masana suka raba zakunan duniya gida biyu a kan haka. Abin mamaki, ɗan'uwan zakin Yankari na kusa yana dajin Gir a jihar Gujarat ta Indiya, ya fi kusa da shi fiye da na Serengeti.

Labarin Gir ɗin ma abin dubawa ne. A farkon ƙarni na 20 zakunan Asiya sun ragu zuwa 'yan gomomi, Nawab na Junagadh ya hana farautarsu. Ƙidayar 2020 ta sami 674, ta 2025 ta sami 891. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa da makiyayan Maldhari, suna cin dabbobinsu, gwamnati kuma tana biyan diyya. Sai dai duk suna yanki ɗaya, wato kwafi ɗaya a na'ura ɗaya. A 1994 wata cutar karnuka ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Serengeti, a 2018 irin cutar ta kashe sama da 20 a Gir cikin 'yan makonni. Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni tun 2013 a kai wasu dajin Kuno a jihar Madhya Pradesh don a sami gida na biyu, Gujarat ta yi ta jan ƙafa saboda ba ta son raba abin alfaharinta. Har son zaki ma yana iya zama son kai. Namu yanayin ya fi nasu haɗari, tunda kashi 90 na zakunanmu suna daji ɗaya, kuma dajin yana tsakiyar rikici.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, wanda muke jin sa a zukatanmu tun kafin a faɗa. Ana kashe mutane a Zamfara da Katsina da Tilaberi, ana sace yara a makarantu, wa ke da lokacin zaki? Ran mutum ɗaya ya fi zakuna 400, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma a duba taswira. Dajin W da dajin Kainji suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka mayar mafaka a shekarun nan. A Fabrairun 2022 bama-baman da aka binne a ɓangaren Benin na dajin W sun kashe mutane, ciki har da masu gadin dajin. Dajin da babu mai sintiri a cikinsa, babu albashi, babu hanya, babu makaranta a ƙauyukan gefensa, shi ne dajin da zaki ke ƙarewa, shi ne kuma wanda ɗan bindiga ke kafa sansani. Sakaci iri ɗaya ne ke cin su biyun. Mai gadin da aka biya ya kuma sami kayan aiki, amfaninsa bai tsaya kan dabba ba.

Idan mun yarda akwai nauyi a kanmu, kuma mun yarda zalunci ne a bar makiyayi ya ɗauke shi shi kaɗai, abin da ya rage shi ne raba asarar. An gwada hanyoyi. A yankin Mbirikani kusa da Amboseli a Kenya an kafa asusun biyan diyya a 2003, kuma yadda aka tsara shi ya nuna an san halin ɗan Adam. Ana biyan wanda zaki ya kashe wa dabba, amma kuɗin na raguwa in an bar dabbar ta kwana a daji ko shingen bai da kyau, al'ummar na zuba wani kaso na asusun, in kuma aka kashe zaki a wani yanki mutanen wurin na rasa biyan wannan zangon. Kisan zakuna ya ragu ƙwarai. A 2007 Leela Hazzah da Stephanie Dolrenry suka kafa shirin Lion Guardians, suka ɗauki samarin Masai, waɗanda kashe zaki ne hanyar yin sunansu, aikin bin sawun zakuna da gargaɗin makiyaya da nemo dabbobin da suka ɓata. Saurayin da zai yi suna da mashi ya koma yin suna da albashi da sanin dawa. Ruwanda kuma tana mayar da kashi 10 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido ga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandayenta.

Wasu dabarun ma ba su da tsada. Richard Turere, yaro ɗan Masai a gefen gandun dajin Nairobi, yana da shekara 11 ya lura zakuna na tsoron mutum mai yawo da tocila. Ya haɗa tsohon batirin mota da faifan sola da ƴan ƙwayayen fitila da na'urar sigina ta babur, fitilun suna kunnuwa bi da bi a kewayen shinge kamar wani na zagayawa, zakuna suka daina zuwa. A Botswana masu bincike sun zana idanu a ɗuwawun shanu, saboda zaki maharbin kwanto ne, in ya ga an gan shi yakan fasa. Cikin shanu 683 da aka zana wa idanu babu wadda aka kashe a shekara huɗu, cikin 835 da ba a zana wa komai ba an kashe 15. Abin dariya ne a ido, amma ya yi aiki.

A gida kuwa, Yankari na da faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta tun 1956, an buɗe wa baƙi a 1962. Mutane na zuwa daga ko'ina su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki su kalli giwaye. Ƙungiyar WCS na aiki da gwamnatin Bauchi kan sintiri tun 2014. Abin da muke ganin ya kamata a tambaya duk lokacin da aka sayi tikitin shiga shi ne nawa ne daga ciki ke isa ga manomin da giwa ta tattake wa gona, ko makiyayin da ke gefen dajin. Haka kuma mu da ba mu taɓa zuwa ba amma muke son a ce akwai zaki a ƙasarmu, ta wace hanya namu kason zai fita, ta haraji ne, ko ta asusun da za a iya bin diddiginsa, ko ta daina sayen naman dajin da ya bar zaki da yunwa tun farko.

'Yan sana'armu za su yi saurin cewa a rubuta manhaja: makiyayi ya ɗauki hoton mushe, wayar ta nuna wuri da lokaci, kuɗi su faɗo masa. Rubuta wannan aikin mako biyu ne. Abin da ba a rubutawa da kwamfuta shi ne yarda. Mutumin da ya saba ganin jami'i sai ranar kama masa shanu ba zai kira jami'i ya nuna masa inda saniyarsa ta mutu ba, balle in a cikin gandun ta mutu. Diyyar da ke ɗaukar wata shida tana yawo tsakanin ofisoshi ma ba ta da amfani a nan, saboda halin zakin kansa ne ya yanke wa'adin. Zaki ba ya cinye saniya a zama ɗaya. Yakan ci ya ƙoshi, ya ja gefe ya kwanta a inuwa, ya dawo kan ragowar idan dare ya yi. Makiyayin ya san haka sarai, ya kuma san shagon da ake sayar da maganin ƙwari a ƙauye. Daga hantsin da ya tsinci mushen zuwa faɗuwar rana, awa takwas ne ko tara. Cikin waɗannan awoyi ake bukatar wani da ya sani kuma ya yarda da shi ya iso a kan babur, ya duba sawu, ya rubuta, ya ƙone ragowar naman, ya faɗa masa ranar da kuɗinsa za su zo.